LAFIYA UWAR JIKI: Dillalin da ya bar cin nama, ga shi ba ya cin ganye

Akwai mutanen da nama ba ya yanke masu a baki. Mahauta ne, da dillalan dabbobi, da direbobin manyan motoci, da masu hali na birni. Talakan ƙauye kuwa sai ranar kasuwa, ko ranar suna, ko lokacin layya. A wannan wata filin nan zai yi magana a kan wani daga cikin masu cin naman, wanda ciwo ya raba shi da shi. Amma maganar ta shafi kowa, don abin da ya koma ci yana cikin rumbun kowane manomi.

Mutumin manomi ne a wani ƙauye arewa da Maraɗi. Shekarunsa sun wuce 50. Da damina yana gona, da rani yana bin kasuwannin dabbobi yana dillanci. Wanda ya san dillanci ya san yadda ranar kasuwa ke ƙarewa. In anka sallama, anka karɓi la'ada, sai a nufi wajen mai balangu. Mahauta duk sun san shi. Suna aje masa hanta da ƙoda da tumbi, da wajen kitsen nan mai ɗiga. Kasuwa huɗu a mako, cin nama huɗu ke nan, ban da wanda yake ƙunsowa cikin takarda ya kai gida.

Ga shi kuma da zaɓen abinci tun yana yaro. Miyar kuka kaɗai yake sha, ita ma sai ya laluba ya ji tsoka a ciki. Kwaɗon zogale ya ce na mata ne. Tafasa ya ce wari gare ta. Yakuwa tsami. Kuɓewa da lalo kuwa yauƙinsu tashin zuciya yake sa shi. In anka dafa wake a gidan sai ya kwana da fura, wai wake na kumbura masa ciki. Duk wanda ya miƙa masa ganye amsa ɗaya ce: shi ba akuya ba ne.

Wata damina, daidai lokacin noman fari, ya farka cikin dare da babban yatsan ƙafarsa a kumbure. Wajen ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, ko mayafi bai iya taɓa shi. Kwana 10 bai sa takalmi ba, balle ya tsaya a kan hauya. Ciyawa kuwa ba ta jiran mai ciwo. Sai da ya sai da akuya ya biya ƴan barema sunka nome masa gonar. Wanzami ya yi ƙaho, an shafa sassaƙe, ciwon ya lafa da kansa, kowa ya ce maganin ya yi. Da shekara ta zagayo sai ga shi ya dawo, wannan karon har da gwiwa. Sa'an nan ne ɗansa ya ɗauke shi bisa amalanke sunka je gidan likita.

Likita ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya tarar jininsa ya hau, abin da ake ce ma tansiyo. Ya tura shi birni anka auna jini. Ciwon ƙafar kuwa shi ne wanda likitoci ke kira gut. Ga yadda yake. Akwai wata dauɗa da jini ke ɗauka, ƙoda ta tace ta, ta fita cikin fitsari. In ta yi yawa, ko ƙodar ta kasa fid da ita duka, sai ta daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Shi ya sa zafin ya fi ƙarfin a kwatanta. Wasu gadon abin sunka yi. Amma yawan cin nama na ƙara dauɗar, musamman kayan ciki, hanta da ƙoda da saifa. Giya da lemun kwalba mai yawan sukari su ma suna ƙara ta.

Likita ya ce: "Baba, ga magani, kullum za ka sha, ba sai ciwo ya tashi ba. Kayan ciki da kitse ka bar su. Jan nama ka rage ƙwarai. Gishiri ma ka rage, ka riƙa shan ruwa da yawa."

Mutumin ya ce: "Likita, ragewa kamar yaya?"

Ya ce: "Ƴar tsoka, can ba a rasa ba."

Sai ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, ba ka san ni ba. Ni in na zauna gaban mai balangu ba na tashi sai takarda ta yi fari. In bari ne, a bari gaba ɗaya."

Wato likita bai hana shi nama ɗungum ba. Shi ne ya san halinsa, ya zaɓi ya yanke. Ba kowane mai wannan ciwon ne sai ya yi haka ba. Amma mutum ya fi kowa sanin bakinsa.

Watan farko ya sha wuya. Ya bar nama, bai sa komai a madadinsa ba. Da safe burodi da shayi mai sukari cokali huɗu. Da rana fura. Da dare tuwo da miyar kuka, ya yi loma biyar ya ture akushi. Wuyansa ya fara tsawo, rigarsa ta yi masa yawa. A bakin masallaci wasu sunka ce karayar arziki ce yake ɓoyewa. Wasu sunka ce sammu ne daga abokan dillanci. Shi kansa ya fara cewa gara ciwon ƙafa da wannan zama.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Hatsi da dawa da shinkafa suna ba da ƙarfin aiki, amma abin gina jiki da ke cikinsu bai isa ba su kaɗai. Abin gina jikin nan shi ne masana ke kira furotin. Da shi tsoka ke ginuwa, da shi rauni ke warkewa, da shi yaro ke girma. In anka auna giram 100 na hatsi, akwai furotin kamar giram 11 a ciki. Ɗanyen jan nama, kamar giram 20. Busasshen wake, kamar giram 24. Gyaɗa kamar 25. Waken suya ya wuce 35. Wanda ya ji wannan lissafi zai ce ashe wake ya fi nama. Sai dai a lura, wake in ya dahu ruwa yake sha ya kumbura, ya ninka fiye da biyu. Saboda haka cokali biyu a gefen kwano ba su tsaya matsayin nama ba, sai an ci da ɗan dama. Kuma akwai wani abu. Abin da furotin ɗin hatsi ya rasa, na wake yana da shi. Abin da na wake ya rasa, na hatsi yana da shi. In sunka haɗu a ciki, ko da ɗaya da rana ɗaya da dare, sai su cika juna. Manomin da ke shuka wake tsakanin hatsi ya riga ya haɗa su a gona. A akushi ne ake raba su.

Abin mamaki, a duk duniya in ban da Najeriya babu ƙasar da ta fi Nijar noman irin wakenmu. Amma da kaka ta yi sai a ɗure shi a buhu, ƴan kasuwa su loda a mota su yi kudu da shi. Gidan da ya noma buhu biyar, da ƙyar zai aje tiya biyar don ci. Dillalin nan ma haka yake yi kowace shekara.

Ƙin ganyen kuma ba daga harshe kaɗai yake ba. Wanda ya yi wayo a farin 1973 da 1974, ko yunwar 1984 da ake ce ma El Buhari, ko ta 2005, ya ga lokacin da mata ke wuni a daji suna tsinko jiga da ƴaɗiya, suna jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Tun daga nan wasu sunka haɗa ganye da yunwa a zuciyarsu. Mai gidan da ya samu hali yana ganin in ya ci ganye kamar ya koma baya ne. Irin wannan mutum ba a ci masa da lissafin giram. Kunya ce, ba jahilci ba.

Uwargidansa ce ta samo bakin zaren. Shekara 30 tana dafa masa abinci, ta san abin da yake nema a nama. Yana son abin taunawa. Yana son ƙamshin wuta. Yana son yaji. Ta ce to, a fara daga nan.

Ta fara da ƙosai, don ƙosai ba ya kama da wake a ido. Ta surfa waken, ta wanke dusar sarai, ta niƙa da albasa da tattasai. Ya ci shida da koko bai ce komai ba. Bayan kwana biyu ta yi ɗan wake, ta barbaɗa yaji, ta yanka albasa da tumatir a kai. Ya ce wannan ai tun yana yaro yake ci wajen kakarsa, mantawa ya yi. Sa'an nan ta aiki yaro ya sayo awara. Awara da waken suya ake yi. A jiƙa, a niƙa, a tace, a tafasa ruwan, a zuba ruwan tsami ya kama kamar cuku, a matse a yanka. Yawancin waken daga Najeriya yake zuwa, amma yau da wuya a shiga kasuwa a yankin Maraɗi ko Damagaram ba a ga mai tuyar awara ba. Uwargida ba ta tsaya ga tuya ba. Ta soke ta a tsinke, ta shafa ɗan mai, ta gasa bisa garwashi, ta birkiɗa ta cikin yajin tsire, ƙuli-ƙuli da citta da barkono da masoro da kanumfari.

Ta aje masa, ta ce: "Malam, ga tsirenka."

Ya ɗanɗana, ya ce: "Wannan tsiren ragonsa bai taɓa kuka ba." Amma ya cinye, ya kuma tambaya ko da saura.

Wajen ganye ne anka samu tangarɗa. Ta shanya zogale, ta daka, ta riƙa zuba cokali ɗaya cikin miyar kuka ba ta faɗa masa ba. Mako biyu yana sha. Rannan wata jikarsa ta yi suɓul da baka a gabansa. Ya ture akushin, kwana uku bai ci tuwon gidan ba, sai fura yake saye a waje. Ba zogalen ne ya ɓata masa rai ba. Cewa ya yi an mai da shi yaro cikin gidansa. Kuma yana da gaskiya. Dabarar ɓoyewa tana iya yi ga ɗan yaye. Babba kuwa in ya gano sau ɗaya, kowane kwano sai ya riƙa bincike.

Da fushin ya huce sai sunka yi yarjejeniya a fili. Miyarsa a bar masa yadda ya saba. Amma kullum za a aje ɗan ƙaramin ƙoƙo a gefe da abu ɗaya na ganye, ya yi loma ɗaya. In ya ƙi, ba mai magana. In ya ci, ba mai yabo. Kuma ba a canza ganyen sai an daɗe a kan guda. Harshe sabo yake so. Masu kula da abincin yara sun daɗe da lura cewa abin da yaro ya tofar yau, in anka ci gaba da miƙa masa ba da tilas ba, sau goma ko fiye, sau da yawa yakan karɓa. Harshen babba ya fi taurin kai, amma shi ma yana lanƙwasuwa.

Kwaɗon zogale ne ya fara shiga, don ƙuli-ƙuli ya yi yawa a ciki, ga albasa ga barkono. A hankali anka rage ƙulin anka ƙara ganyen. Daga nan dambu da zogale. Daga nan rama, in anka tafasa anka zubar da ruwan farko don tsamin ya ragu. Miyar gyaɗa da alayyafo ta zama ta ranar Juma'a. Kabewa ma ta samu shiga, don tana da zaƙi. Tafasa kuwa har yau bai yarda da ita ba. Kuɓewa da lalo ko ƙofar ɗakinsa ba su zuwa. Babu laifi. Ba a ce sai mutum ya so kowane ganye da Allah ya tsirar ba. In ya samu uku ko huɗu da yake ci da daɗin rai, sun isa.

Maganar kumburin ciki kuwa gaskiya ce, ba raki ba ne. Wake na da wani abu da hanji ba ya narkarwa da sauƙi, shi ke kawo iska. Amma akwai dabara. A jiƙa waken tun da dare. Da safe a zubar da ruwan, a sa sabo, a dafa har ya yi luguf. Wanda bai saba ba ya fara da wanda anka surfe, kamar ƙosai da alala da miyar wake, kafin ya kai ga garau-garau. A fara da kaɗan. Bayan ƴan makonni ciki na sabawa. A ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, mata na yin beruwa da garin wake, su turara su shanya, ta daɗe a aje ba ta lalace ba, kuma dahuwarta ba ta cin itace. Waɗansu masu ciwon gut suna tsoron wake, don sun ji an ce shi ma yana da abin da ke zama dauɗar nan. Binciken likitoci ya nuna wake da ganye ba su tayar da ciwon yadda nama ke yi.

Jiƙa wake yana da wani amfanin. Waken da anka jiƙa ba ya bukatar kanwa da yawa. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, abin da ke hau da jini cikin gishiri yana cikinta, kuma tana kashe wani sashe na amfanin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da duk wanda ke cikin miya da yaji da ƙuli. Nan ne uwargida ta kusa gyara gaba ta ɓata baya. Da nama ya fita daga miya sai ta ƙara dunƙulen magi don ɗanɗano, daga biyu zuwa huɗu. Dunƙulen nan kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Da sunka koma awo, likita ya ga jinin bai sauka yadda ya so ba, ya tambayi abin da ake sa wa a tukunya. Daga ranar ta koma ga daddawa. Ta kalwa in an samu, in ba a samu ba ta batso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa. Daddawa na ba miya ƙamshin nan mai nauyi da ake nema a romon nama, kuma ita kanta abin gina jiki ce. A soya albasa har ta yi ja, a sa kauɗar tumatir da tafarnuwa da citta, miya ba ta neman dunƙule huɗu. Tuya ma a yi hattara da ita. Wanda ya gudu daga kitsen rago ya faɗa kaskon ƙosai safe da yamma bai yi nisa ba.

Akwai abu ɗaya da wake da ganye ba su iya bayarwa ko an ci buhu. Shi ne bitamin da ake kira B12. Daga abincin dabba kaɗai ake samunsa, nama da kifi da nono da ƙwai. In jiki ya daɗe babu shi sai jini ya ragu, ƙafafu su riƙa mutuwa, mutum ya yi ta mantuwa. Abin ba ya nunawa da wuri, don hanta na aje shi na shekaru. Saboda haka dillalin nan nama ya bari, bai bar nono ba. Furarsa kullum da nono, kuma nonon da anka cire ma mai yana da kyau ga mai ciwon gut. Yana cin dafaffen ƙwan zabi ko na kaza sau biyu ko uku a mako. In ya je kasuwannin arewa yana sayo cuku. Makiyaya sun fi kowa sanin wannan hanya. Bafillace na tafe da garke guda, amma sai ya yi watanni bai yanka ko ɗan akuya ba, nono da hatsi ne abincinsa, ga shi yana wuni a ƙafa. A ƙasar Indiya miliyoyin mutane ba su cin nama tun haihuwa saboda addininsu, amma suna shan madara, suna cin wake iri-iri kullum. Wanda ya ce zai bar nama da nono da ƙwai duka, wannan sai da ƙwayar bitamin daga likita.

Sai maganar jini. Ƙarfen da ke gina jini yana cikin wake da ganye, amma jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Abu mai ɗan tsami na taimakonsa: a matsa lemun tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir, a ci gwaba, ko a dama farin garin ƴaƴan kuka. Shayi kuwa hana shi yake yi. Masu ɗora buta da zarar an ɗauke akushi, gara su jinkirta kamar awa ɗaya.

Abin da ya fi ba shi wuya ba a gida yake ba, a kasuwa yake. Dillanci da cin nama tare suke tafiya. In ciniki ya faɗa, mai saye ya ja ka wajen mai balangu, in ka ƙi ci kamar ka raina shi ne. Wani taubashinsa ya sa shi gaba. Duk inda ya gan shi sai ya tsinko ciyawa ya miƙa masa, ya ce: "Ga kalacinka, bawana." Makonnin farko yakan ɓuya ya bar kasuwa da wuri. Daga baya ya ga ɓuyan ya fi jawo magana. Sai ya koma zama tare da su. Yana sayen naman da kuɗinsa a ci, shi kuma ya kwance ƙunshin awararsa ko gyaɗa ko dafaffen kwaruru, ya roƙi mai balangu ɗan yaji da albasa. Wanda ya tambaya, ya ce: "Ƙafa ce ta hana ni, ka tambayi ƴan baremar da sunka ci akuyata." Mutane sunka yi dariya sunka saba. A gidan suna ko walima ma haka yake faɗi tun kafin a kawo kwano, don kada mai gida ya ga an mai da masa abinci.

Da layya ta matso sai hankalinsa ya tashi, ya je wajen liman. Ya ce: "Allah gafarta Malam, mutumin da ba ya cin nama, yaya layyarsa?" Liman ya ce masa nama halal ne, kuma kada ya kuskura ya ce haram ne, ko ya ga laifin mai ci. Amma barin halal don ciwo ba laifi ba ne. Ya yanka ragonsa, iyali su ci, a yi sadaka, a kai ma maƙwabta. Mai layya ya ci daga layyarsa abin so ne, ba farilla ba. Ranar salla ya yanka, ya tsaya a kan gashi har dare, yana rabo. Ƙamshin ya dame shi ƙwarai, ya ce wannan rana ta fi azumi tsawo.

A nan sai a yi hattara, kada wani ya karanta labarin nan ya ce to, gidana an daina nama. Abin da ya dace da dattijo mai gut da hawan jini bai dace da ɗan yaye ba. Yaro cikinsa ƙarami ne, ba ya iya cin waken da zai ishe shi, ga shi yana girma. Mace mai ciki da mai goyo jini suke nema. Hantar nan da ke cutar da dillali, ga yaro magani ce, ƴar kaɗan a mako tana gyara jini, tana kare shi daga dundumi. A ƙauyukanmu matsalar yara ba yawan nama ba ce, rashinsa ne. Amma ga yadda aka saba rabo: tsoka a akushin mai gida, yara su samu ƙashi da romo. Wasu ma har yau suna hana yaro ƙwai, wai zai yi sata. Ƙwai bai taɓa koya ma kowa sata ba. A gidan dillalin nan, tun da ya bari, bai daina ƙunso nama ranar kasuwa ba. Sai dai yanzu ƙunshin wajen amarya mai ciki da jikoki yake zuwa.

Saura maganar rani, lokacin da ganye ke ɓacewa. Uwargida na tsinkar zogale da rama da ganyen wake tun da damina, ta shanya a inuwa, don rana na cinye amfanin ganye, ta ɗure a tulu. Sun dasa zogale biyar kusa da inda ake wanke-wanke, an kewaye da ƙaya saboda awaki. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a ga noman rani, kabeji da salati da tumatir da karas sunka yawaita a kasuwannin ƙauye lokacin sanyi. Zogalen Jiratawa da albasar Galmi kuwa ba su yankewa. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli a duba su da kyau. Wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, akwai dafi a cikinta mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi.

Maganin likita yana nan yana sha, yana zuwa awo. Ciwon ya taɓa shi sau ɗaya bayan nan, lokacin da magani ya ƙare masa ya yi sakaci bai koma ba, amma kwana uku ya yi ya taka. Noman fari da maimai duk da hannunsa ya yi.

Da kaka ta zo, masu sayen wake sunka iso ƙauyen da motarsu kamar kullum. Ya sai da buhu uku, ya hana biyu. Uwargida ta ce: "Malam, ƙwari za ka tara mana." Dalilin da ya sa manoma ke saurin sai da wake ke nan, kafin wata uku ƙwaro ya mai da shi gari. Sai ya sayo buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda anka fara yaɗawa a Nijar tun 2007, masu binciken noma na INRAN a Maraɗi na cikin waɗanda sunka yi aikinsa. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki iska ke ƙare masa ya mutu, ba a sa hodar magani ko kaɗan. Sai dai a ɗora buhun bisa itace, nesa da ɓera, don in leda ta huje aikin ya ɓaci. Ya buɗe na farko da sanyi. Na biyu ya ce ba mai taɓa shi sai an yi shuka, lokacin da tiyar wake ke tsada kuma aikin gona ke neman ƙarfi.